Yadda Jijiyar Ido Ke Gane Hanyarta a Cikin Duhu

Bayan kowane ido na ɗan Adam akwai jijiya mai kaurin milimita 3 zuwa 4 wadda ke kai saƙon gani ƙwaƙwalwa. Idan aka yanka ta aka duba da madubin likita, sai a tarar da zaruruwa sama da miliyan 1 a ɗaure wuri guda. Kowane zare daga ƙwayar jijiya guda ya fito, a retina, wato shimfiɗar da ke cikin ido ta baya inda haske ke sauka, kuma kowanne yana da mazauninsa a ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyi biyu da ke maƙwabtaka a ido, zaruruwansu ma maƙwabta ne a can inda suka sauka. Da wannan jeri zai hargitse, da hoton duniya ya zo mana a wargaje.

Abin mamakin shi ne babu hannun da ya ja waɗannan zaruruwa ya ɗaura su. Kowanne da kansa ya tsiro, ya rarrafa ya fita daga ido, ya isa mararraba ya zaɓi dama ko hagu, ya hau gefen ƙwaƙwalwa, ya wuce wurare da yawa da ba nasa ba, ya tsaya a nasa. Duk wannan yana faruwa ne jariri na ciki, a duhun mahaifa, ido bai san haske ba tukuna. Ikon Allah ne, kuma ya zo da tsari irin wanda ake iya bin diddiginsa. Masana sun shafe fiye da ƙarni guda suna bi, kuma abin da suka tarar shi ne zaren bai san hanyar gaba ɗayanta ba. Gwanintarsa ita ce karanta alamar da ke gabansa, ya yi aiki da ita, sannan ya sake ta idan lokacinta ya wuce.

Kan tsiro

Wanda ya fara ganin mai wannan aiki shi ne Santiago Ramón y Cajal, likitan ƙasar Sifaniya, a 1890 yana Barsalona. Yana duba lakar bayan ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, wadda ya rina da gishirin azurfa bisa dabarar Camillo Golgi, sai ya lura kowane zare mai girma yana da wani kumburi a bakinsa. Naman da ke gabansa matacce ne, ba ya motsi, amma daga siffar kaɗai ya yanke cewa wannan kan yana motsi yana laluben hanya. A 1892 ya ƙara da cewa wataƙila sinadarai ne ke kiran sa daga nesa. Sai a 1907 Ross Harrison a Amurka ya sa guntun naman jijiya na ɗan tayin kwaɗo a cikin ɗigon ruwan jiki a kan gilashi, ya ga zaren yana fitowa yana tafiya a idonsa.

Wannan kan tsiro faffaɗa ne, yana da 'yan yatsu sirara da yake miƙawa yana janyewa ba hutu. A cikin yatsun akwai wani furotin mai suna aktin da ke haɗuwa yana warwarewa, a bayansu kuma akwai 'yan bututu da ke zama ƙashin zaren. A fatar yatsun akwai makarɓa, kowane iri da sinadarin da yake ganewa. Yatsan da ya taɓa abin so sai ya kafe, bututun su biyo shi. Wanda ya taɓa abin ƙi sai ya noƙe. Idan dama ta fi hagu daɗi ko da ɗan kaɗan ne, kan ya karkata dama, zare kuma ya miƙe a bayansa. Tafiyar ba ta fi kimanin milimita 1 a rana ba, amma a wannan lokaci ɗan tayi ƙanƙane ne, hanyar gajera ce. Daga baya jiki na girma, zaren na ƙara tsawo tare da shi.

A ayarin fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro, madugu ke da ayari, amma jagaba ke gaba yana duba sawu da mashaya da inda za a yada zango. Ƙwayar da ke ido ita ce madugu, kan tsiro shi ne jagaba. Kuma zaruruwan farko su ke shan wahalar buɗe hanya, na baya su manne musu su bi, sai a wuraren zaɓi kowa ya duba da kansa.

Alamun hanyar iri huɗu ne: mai kira daga nesa, mai kora daga nesa, mai riƙewa idan an taɓa shi, da mai tunkuɗewa idan an taɓa shi. Furotin ɗin da ke wannan aiki ba su da yawa, manyan danginsu su ne netirin, silit, semaforin da efirin, kuma kusan su ɗin ne dai a ƙuda da tsutsa da kifi da mutum.

Ƙofar fita

Aikin farko shi ne fita daga ido. Ƙofa ɗaya ce tak, ɗan wuri a bayan ido inda duk zaruruwan ke taruwa su nutse. Da yake babu ƙwayoyin karɓar haske a wurin, kowane ido yana da ɗan gurbin da ba ya gani, ko da yake ba ma lura da shi. Ƙwayoyin da ke kewaye da wannan ƙofa suna fitar da netirin, furotin da Marc Tessier-Lavigne da abokan aikinsa suka tsamo a 1994 a Kalifoniya. A 1997 aka nuna cewa ɓerayen da aka hana wa netirin, zaruruwansu na zuwa har bakin ƙofa lafiya, amma da yawa su kasa shiga, jijiyar ido ta fito 'yar siririya.

Nan akwai dabara mai kyau. Zaren yana tafe ne a kan fuskar retina, sai ya yi kwana mai kaifi ya nutsa ciki. Me zai raba shi da shimfiɗar da ya saba? Ɗakin binciken Christine Holt a Jami'ar Kambirij ya samo amsa a 1999. Fuskar retina tana da wani furotin mai suna laminin, kuma idan kan tsiro yana kan laminin, netirin da ke kiran sa sai ya koma yana korar sa. To a bakin ƙofa, gefen kan da ke taɓa fuskar retina yana jin kora, gefen da ke kallon ciki, inda laminin ya yi ƙaranci, yana jin kira. Ana tura shi daga sama, ana jan sa daga ƙasa, sai ya nutsa. Sinadari ɗaya ne, ma'anarsa ta danganta da inda mai karatun yake tsaye.

Haka kuma idan zaren ya yi nisa, sai ya daina jin kiran netirin, har ya koma gudun sa. Da bai yi haka ba, da a bakin ƙofar zai lafe. Wasu makarɓan kuma ba ya fito da su sai ya kusa inda za su yi amfani.

Mararraba

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa jijiyoyin idanu biyu suna haɗuwa su gitta juna. Magabata sun san wurin. Ibn al-Haytham, wanda ya rubuta Kitab al-Manazir a Alƙahira a ƙarni na 11, ya ɗauka nan ne abin da idanu biyu suka gani ke haɗuwa ya zama ɗaya. Isaac Newton kuma a 1704 ya yi hasashen cewa wani kaso na zaruruwan ne ke tsallakawa, wani kaso ya tsaya a ɓangarensa. Haka abin yake. A mutum, zaruruwan rabin retina na wajen hanci suna tsallakawa, na wajen kunne ba sa tsallakawa. Sakamakon haka, duk abin da ke hagun mai kallo, ko da wane ido ya gan shi, ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa yake zuwa, na dama kuma ya je hagu. Ta haka ƙwaƙwalwa ke samun hoto biyu na abu ɗaya ta gwada su, ta gane nisa da zurfi.

Kason ya danganta da inda idanun dabba suke. A yawancin kifaye, masu idanu a gefe, duk zaruruwan tsallakawa suke. A ɓera, kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ne ke tsayawa. A mutum, mai idanu a gaba, kusan rabi.

Carol Mason ta Jami'ar Kolombiya da ke Niyok ta shafe shekaru tana kallon wannan wuri a 'yan tayin ɓera. Kan tsiro na zuwa a tsuke yana sauri, da ya kusa tsakiya sai ya rage gudu, ya baje, ya yi ta miƙa yatsu yana ja da baya, wani lokaci na sa'o'i. Mai tambaya ba ya ɓata. Daga nan wasu su kutsa su wuce, wasu su yi kwana su bi hanyar ɓangarensu. A 2003 ɗakinta ya bayyana dalili. Ƙwayoyin da ke tsaye a tsakiyar mararraba suna ɗauke da efirin-B2, mai tunkuɗewa. Ƙwayoyin retina na wajen kunne suna kunna wani furotin mai suna Zic2, wanda ke sa zarensu ya ɗauki makarɓin da ke jin wannan tunkuɗa. Mai makarɓi ya juya, marar shi ya wuce abinsa. Furotin silit kuma yana zagaye da wurin ta gaba da baya, yana hana a gitta a inda bai kamata ba.

Kwaɗon Afirka mai farce, wanda masana ke kira Xenopus, ya nuna abin a fili. Yana ƙarami a ruwa, idanunsa a gefe suke, duk zaruruwansa tsallakawa suke. Lokacin da yake rikiɗa ya zama cikakken kwaɗo, idanun su hau sama su fara kallon wuri ɗaya, sai efirin-B ya bayyana a mararraba, sababbin zaruruwa su fara juyawa. Alamar ba ta fitowa sai ranar buƙatarta.

Inda lissafin ya sauya ma akwai darasi. A zabiya, mutum ko dabba, ƙarancin sinadarin launi a bayan retina yana sa zaruruwan da ya kamata su juya da yawa su tsallaka. Wannan, tare da rashin cikar tsakiyar retina, yana cikin dalilan da suka sa zabaya ke fama da raunin gani da rawar ido. Abu ne na halitta da ya faru tun a ciki, kuma tabarau da zama a gaban aji suna taimaka wa irin waɗannan yara ƙwarai.

Shawara a bakin zare

Wa ke yanke duk waɗannan shawarwari, ƙwayar da ke ido ko kan da ke gaba? A 1987 William Harris da Christine Holt da Friedrich Bonhoeffer suka cire idon ɗan tayin kwaɗo ɗungurungum a daidai lokacin da zaruruwansa ke tsakiyar tafiya a ƙwaƙwalwa. Kawunan tsiron da aka raba da iyayensu suka ci gaba da tafiya har kusan sa'o'i 3, suna bin hanyar daidai, wasu har suka isa masauki suka fara rassa. A 2001 Holt da Douglas Campbell suka nuna abin da ya sa haka ya yiwu: kan tsiro yana tafe da kwafin umarnin ƙera furotin da kuma injin ƙera shi. Da ya haɗu da alama, cikin 'yan mintuna zai ƙera abin da yake buƙata a nan take, ya rushe wanda ya gama amfani, ba tare da ya aika gida ya jira amsa ba.

Kowa da kujerarsa

Isa gari wani abu ne, gane gida wani abu ne daban. A kifi da kwaɗo da tsuntsu, babban masaukin zaruruwan ido wani tudu ne a saman ƙwaƙwalwa mai suna tektum, kuma a kansa sai an shimfiɗa taswirar retina daidai wa daida.

A farkon shekarun 1940 masana da yawa sun ɗauka jijiyoyi na haɗuwa ne barkatai, amfani da koyo su gyara daga baya. Roger Sperry ya gwada. Ya yanke jijiyar idon kwaɗo, ya juya idon a gurbinsa sama ta koma ƙasa, ya bari jijiyar ta sake tsirowa, domin kwaɗo na iya haka. Gani ya dawo, amma a juye. Idan ƙuda na sama, kwaɗon ya kai hari ƙasa. Idan yana gaba, ya juya baya. Kuma bai taɓa koyon gyarawa ba. Ma'ana kowane zare ya koma tsohon mazauninsa, ko da komawar ta zama asara ga mai idon. A 1963 Sperry ya bayyana ra'ayinsa cewa ƙwayoyin na ɗauke da shaidar sinadari, kuma ba sai kowace ta sami nata daban ba. Ya isa a ce sinadari yana da yawa a wannan gefe yana raguwa sannu a hankali zuwa wancan, wani kuma ya gitta shi, sai kowane wuri ya sami adireshinsa.

An yi shekaru ana neman sinadarin. A 1987, a cibiyar Max Planck da ke Tubingen a Jamus, Bonhoeffer da ɗalibansa suka ɗebo fatar ƙwayoyi daga gaban tektum na ɗan tsako da kuma bayansa, suka shimfiɗa su layi-layi, na gaba kusa da na baya, suka saki zaruruwan retina a kai. Na wajen hanci suka bi ko'ina. Na wajen kunne kuwa suka jeru a kan layukan gaba kaɗai. Son gaba suke ko ƙin baya? Da aka ɗumama fatar baya har furotin ɗinta ya lalace, sai suka hau ta ba fargaba. Ashe ƙi ne. A 1995 ɗakin Bonhoeffer da na John Flanagan a Harbad suka gano masu korar, efirin-A, waɗanda ke da yawa a bayan tektum suna raguwa zuwa gaba. Makarɓansu kuma suna da yawa a retina ta wajen kunne suna raguwa zuwa wajen hanci. Mai makarɓa da yawa yana jin zafin kora da wuri, sai ya zauna gaba. Mai kaɗan ya jure har baya.

A tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa, zaren yakan ma zarce mazauninsa, sannan ya fitar da reshe daga jikinsa a daidai wurin, ya yar da ragowar. Kuma lissafin na gwadawa ne da maƙwabta. A 2000, a cibiyar Salk, ɗakin Greg Lemke ya ƙara wa wani kaso na ƙwayoyin retinar ɓera makarɓa, warwatse a tsakanin sauran. Sai aka sami taswira biyu: masu ƙari suka tattaru gaba a jere, sauran suka matsa baya su ma a jere.

Gwaji kafin haske

Sinadarai na kai zare unguwarsu ne kawai. Daidaita shi a ƙofar gida aikin wutar jijiya ne, wato saƙon da ƙwayoyi ke harbawa, kuma ido ba ya jiran haske kafin ya fara. A 1988 Lucia Galli da Lamberto Maffei a Italiya suka tarar ƙwayoyin retinar ɗan tayin ɓera na harba saƙo tun a ciki. A 1991 Carla Shatz da abokan aikinta a Stanfod suka ga cewa harbin yana tafiya ne igiya-igiya, yana ratsa retina kusan kowane minti, tun ƙwayoyin karɓar haske ba su fara aiki ba. Hikimar ita ce maƙwabta suna harbi tare, na nesa kuma daban, idon dama da na hagu kowanne da lokacinsa. A ƙwaƙwalwa, haɗin da ya yi harbi tare da na kusa da shi yana ƙarfafa, wanda ya saɓa ya tsinke.

A mutum babban zangon zaruruwan, mai hawa 6, uku na kowane ido, yana cikin wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna talamus. Da farko zaruruwan idanu biyu a cakuɗe suke sauka, sannan su rabu kafin haihuwa. Da Shatz da Michael Stryker suka toshe wutar jijiya a 'yan tayin kyanwa a 1988, rabuwar ba ta yiwu ba. Kafin nan, a 1978, Martha Constantine-Paton da Margaret Law sun dasa wa ɗan tayin kwaɗo ido na uku, idanu biyu suka sauka a tektum ɗaya, suka raba shi layi-layi a tsakaninsu, abin da kwaɗo ba ya yi a halittarsa. Jiki kuma yana farawa ne da rara: a tsakiyar goyon ciki jijiyar idon ɗan tayi tana da zaruruwa sama da miliyan 3, kusan kashi biyu cikin uku su mutu kafin haihuwa.

Bayan haihuwa haske ke ƙarasa aikin, kuma lokacinsa ƙayyadadde ne. David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna a shekarun 1960 cewa idan aka rufe idon ɗan kyanwa ɗaya a watanninsa na farko, ɗayan idon ya mamaye masa wuri a ƙwaƙwalwa har abada, alhali babbar kyanwa ba ta samun wannan illa. Sun karɓi kyautar Nobel a 1981 tare da Sperry. Wannan ne ya sa likitocin ido ba sa son jinkiri idan an haifi jariri da yanar ido, ko yaro na da karkataccen ido. Tsoho mai yana zai iya jira a yi masa aiki ya gani. Jariri kuwa idan aka bari lokacin ya wuce, ko an wanke idon tas ƙwaƙwalwa ta riga ta raba wurin.

Abin da ya gagara

A 2016 aka ba Holt da Mason da Flanagan da Shatz kyautar Champalimaud ta binciken gani a Fotugal. Amma ma'aunin wannan gwaninta na gaskiya shi ne har yau ba a iya maimaita ta a jikin babba ba. Kifi da kwaɗo suna sake tsirar da jijiyar ido. Mutum ba ya yi, shi ya sa ganin da hawan jinin ido ya ci ba ya dawowa, sai dai a tare ragowar idan an gano da wuri. A shekarun 1980 Albert Aguayo a Kanada ya nuna zaruruwan idon babban ɓera za su tsiro idan aka ɗora musu guntun jijiyar ƙafa su bi ta ciki. A 2008 Zhigang He a Harbad ya sa su tsiro a cikin jijiyar idon kanta ta hanyar kashe wani furotin da ke taka musu birki. Suna tsirowa, amma da yawa su yi kwana su koma baya, wasu su isa mararraba su bi jijiyar ɗaya idon. Hanyar ta yi tsawo ninkin ba ninkin, alamu da yawa sun gushe ko sun sauya wuri, kan tsiron babba kuma ba lallai ya karanta ragowar yadda na ɗan tayi ya karanta ba. Masu neman maganin makanta sun fara sanin yadda ake tayar da zaren ya kama tafiya. Aikin da ke gabansu yanzu shi ne mayar masa da alamun, kowace a wurinta kuma a lokacinta.